Hantar da Ba Ta Taɓa Shan Giya Ba

Ruwa ake yi ranar da na sauka ƙasar Holan, irin yayyafin nan da mutum zai raina, sai ya ga ya jiƙe sharkaf. Na ja akwatina daga tashar jirgin ƙasa har ƙofar gidan da na kama ɗaki ta intanet tun ina Suleja, na ƙwanƙwasa. Wani dattijo ya buɗe, ya dube ni, ya dubi akwatin, ya girgiza kai. Ya ce gidansa ne, bai taɓa ba da haya ba, kuma ba ni ce ta farko da ta zo masa da akwati ba. Wani ɗan damfara ne ya ɗauki hoton ƙofarsa yake cin kasuwa da shi. Na kira lambar mutumin, a kashe. Ni Zulai, 'yar unguwar Wambai, wadda ta tashi tana ganin yadda dillalan gidaje ke wasa da hankalin baƙi masu aiki a Abuja, sai da na ƙetaro har Turai aka yi mini irin ta gida. Kunya ta fi damuna a kan sanyin.

Dattijon bai rufe ƙofa ba. Ya ce in tsaya, ya sa takalmi ya tsallaka titi, ya dawo da wata tsohuwa doguwa mai suna Anneke. Mijinta ya rasu, tana da ɗaki a can sama ƙarƙashin rufi wanda ta cika da tarkace. Ta ce in kwana biyu kafin in samu wuri. A wannan ɗaki na zauna har na gama karatuna.

Ba haka kawai na zaɓi karatun hanta ba. Mahaifina shi ne ladanin masallacin unguwarmu tun kafin a haife ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana Zulai ba, sai Uwata. Ana saura 'yan watanni in tafi ya fara kukan nauyin ciki da gajiya, maƙwabcinmu Alhaji Tanko, ɗan kwangila ne a Abuja, ya ɗauke shi a motarsa zuwa asibiti. Aka yi hoton ciki. Likitan ya duba ya ce hantar ta tara kitse, sannan ya yi tambayar da suke yi wa kowa: "Baba, you dey take alcohol?" Alhaji Tanko yana zaune a gefe, shi ne ma ya fassara. Kafin mako ya zagayo, maganar ta je teburin mai shayi, ta je gidan suna, ta je bakin famfo. Ba wanda ya fito ya ce Malam Ladan yana shan giya. Cewa ake yi, "Likita dai ya tambaya, kuma likita ba ya tambaya a banza."

Baba bai yi faɗa da kowa ba. Ya miƙa mabuɗin lasifika ga Liman, ya ce muryarsa ta gaji. Ya koma sahun baya, in an sallame ya fice. Asibiti kuwa ya rantse ba zai sake taka shi ba, tunda can ne aka zubar masa da mutunci. Don haka da Farfesan da zan yi aiki ƙarƙashinsa ya ce in zaɓa tsakanin ƙoda da hanta, bai rufe baki ba na ce hanta.

Aikin kansa ba shi da wuyar bayani. Akwai wata 'yar na'ura ta roba garai-garai, tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba, da wasu hanyoyi sirara a cikinta kamar gashi. A ciki ake shuka ƙwayoyin hantar mutum masu rai, daga ɗan abin da ya rage bayan tiyata wanda masu shi suka yarda a yi bincike da shi. Sai a haɗa da ɗan famfo yana tura ruwan abinci a hankali, yadda jini ke bi ta hanta. A ajiye a akwatin ɗumi irin na ƙyanƙyasar ƙwai. Idan an kula da ita, sai ta riƙa aiki kamar hantar gaske, a sa mata ciwo, a gwada mata magani, ba tare da an taɓa lafiyar kowa ba. Da na yi wa Inna wannan bayanin ta waya, sai ta ce, "Wato kin bar Suleja kin tafi kiwon 'yar hanta." Daga ranar sunan ya bi abin, ni ma haka nake kiranta.

Ranar farko da na shiga ɗakin gwaje-gwajen, wani wari ya tare ni. Na tambayi Dewi, wata 'yar Indonesiya da ta riga ni zuwa, ta nuna mini kwalaben feshi a kan kowane tebur. Sifirit ne, wato barasa tsantsa, da ita ake goge safar hannu da teburi da duk abin da zai kusanci ƙwayoyin, don kashe ƙwayar cuta. Na yi dariya ni kaɗai. Na zo wanke mahaifina daga zargin giya, ga shi an ajiye ni a ɗakin da ya fi ko'ina warinta.

Watannin farko sun ba ni wuya. 'Yar hanta ba ta da haƙuri. Kumfar iska guda, ƙarama kamar ƙwayar gero, idan ta shiga hanyar ruwan, ƙwayoyin sun mutu ke nan. Na kashe ta farko, na kashe ta biyu, na daina ƙirgawa. Farfesa mutum ne marar yawan magana, idan ya leƙa madubin ƙara girma ya ɗago bai ce komai ba, gara a ce zagina ya yi. Dewi ce ta zauna kusa da ni wata rana, ta kama wuyan hannuna ta karkata shi kaɗan, ta ce in riƙa ɗiga ruwan kamar mai zuba mai a idon jariri, ba kamar mai cika tulu ba. Ita ce kuma ta nuna mini wani ɗan lungu bayan ɗakin ajiya inda take salla, muka riƙa yi tare.

A waje ma ban huta ba. Garin kowa keke, daga ɗan yaye har tsohuwa mai sanda. Anneke ta ba ni keken mijinta, na ce na iya, alhali rabona da keke tun ina firamare. Na sauka cikin shingen furen wani mutum, mayafina ya naɗe a sarƙa, yara suka taru suna kallo cikin ladabi, wanda ya fi dariya ciwo. Abincin rana kuwa burodi da cuku mai sanyi, kullum, har Farfesa. Na riƙa mafarkin tuwon shinkafa da miyar taushe, da doyar da dangin Inna ke aiko mana daga Gawu Babangida. Har cunkoson motocin Madalla, wanda na sha tsine wa, sai da na yi kewarsa, don a can ko ba komai wani zai leƙo ta taga ya yi maka magana.

Ran nan na kasa daurewa, na kwance ƙullin daddawar da Inna ta cusa mini a akwati, na ɗora miyar kuka. Ban daɗe ba na ji Anneke tana hawowa da tocila a hannu, tana leƙa bayan kabad. Ta ce tana jin ɓera ya mutu a bango. Na nuna mata tukunyar. Ta tsaya, ta ja numfashi, kunnuwanta suka yi ja. Don ta wanke kanta ta ce in zuba mata. Ta ci da cokali, tana haɗiyewa da ƙyar, ta ce da daɗi. Ƙarya take yi, na sani, amma daga ranar duk Lahadi tare muke cin abinci, mako ɗaya nata, mako ɗaya nawa. Ita ta koyi miyar kuka da gaske daga baya. Ni har yau ban yafe wa ɗanyen kifinsu ba.

Da hannuna ya faɗa, 'yan hantocina suka fara rayuwa, sai aka ba ni aikin da na zo dominsa. Kafin a gwada magani dole a fara sa ciwon. Ana ƙara sukari da mai a ruwan abincin, a jira. Bayan 'yan kwanaki aka ɗiga wani jan rini mai kama kitse, na sa ido a madubi. Ƙwayoyin sun cika da jajayen ɗigo kamar an watsa manja a farar riga. Wannan ba sabon ilimi ba ne, yana cikin littattafai tun da daɗewa, amma ni ranar na fara ganinsa da idona: hanta ce da ba ta taɓa sanin giya ba, ga ta ta yi kitse. Na tuna kofin shayin Baba, wanda cokali ke iya tsayawa a cikinsa saboda sukari da madarar gwangwani, safe da yamma, da lemon kwalbar da ake ajiye masa a duk gidan da ya je ɗaurin aure ko suna.

Ban yi shawara da kowa ba. Na sa Dewi ta riƙe mini waya, na ɗauki bidiyo ina aiki ina bayani da Hausa, na nuna jajayen ɗigon, na tura wa Inna, na ce a nuna wa duk wanda ya kamata ya gani. Na koma gida a kan keke ina waƙa.

Bayan kwana biyu Inna ta kira, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

"Zulai, mene ne wannan da kike fesa wa hannunki a hoton?"

"Sifirit ne, Inna, na wanke hannu."

"To Alhaji Tanko ya tsayar da hoton ya karanta rubutun jikin kwalbar, ya ce sunan giya ne da Turanci ɓaro-ɓaro. Yanzu cewa ake har 'yar ma da ita take wanka a Turai. Wai dole abin ya yi kitse, tunda cikin giya aka rene shi."

Na ce ta ba ni Baba. Ya karɓa, muryarsa a ƙasa, ya ce, "Uwata, ki yi karatunki. Ki bar maganar nan, ta ishe ni haka." Ya mayar mata da wayar. Inna ta ce tun ranar ko sahun bayan ma ya daina zuwa, a ɗaki yake sallarsa, ga cikin yana ƙara damunsa.

Na yi kuka a lungun da muke salla har Dewi ta gaji da rarrashi. Washegari Farfesa ya ga idona, ya tambaya. Ban yi niyyar faɗa masa ba, amma na faɗa, tun daga likitan Abuja har kwalbar feshi. Na ɗauka zai yi mamakin yadda tambaya ɗaya ke raba mutum da aikin rayuwarsa. Bai nuna ba. Ya ce in nuna masa bidiyon. Ya kalla har ƙarshe, ya ɗago ya yi mini tambayar da yake yi wa kowa a taron mako, wadda duk muka tsana: "Ina ta kwatancen?"

Ya ce, "Maƙwabcin naku ya yi gaskiya. Kin nuna masa guda ɗaya. Ni ma da haka kika kawo mini, ba zan yarda ba." Raina ya ɓaci, a ce Bature ya goyi bayan Alhaji Tanko a kaina. Amma kafin in kai ƙofa na gane. A ɗakin gwaji ba ma taɓa yin guda ɗaya, kullum akwai 'yar'uwarta a gefe wadda ba a ƙara wa komai, don a ga bambanci. Da na zo yi wa mutanen unguwarmu bayani sai na yar da wannan, na ɗauka ganin ja kawai ya ishe su. Raini ne, kuma sun kama ni.

Farfesa ya ba ni izini in ɗauki hoton zagaye na gaba tun daga farko. Na jera biyu a gefe da gefe, daga hantar mutum ɗaya, a akwati ɗaya. Kullum in fesa wa hannuna sifirit a gaban kyamara, in juya kwalbar rubutun ya fito sosai, in taɓa wannan, in taɓa waccan. Ta dama abincinta na kullum, ta hagu da ƙarin sukari da mai. Da ta hagun ta cika da ja, ban tsaya ba. Na janye mata ƙarin, na ci gaba da ɗauka. A hankali ɗigon suka fara raguwa. Ba su tafi duka ba, amma mai ido zai gani.

Wannan karon ban tura wa kowa ba. Na riƙe abina na ci gaba da aikin da aka ɗauke ni, wato gwada magungunan da ake fatan za su rage kitsen. Wasu sun ɗan taɓuka, wasu sun rage kitsen sun kuma jigata ƙwayoyin, wasu ko gezau. Ban gano maganin komai ba, kuma na daina jin kunyar faɗin haka. Na ji daɗin shekarar ƙwarai. Na iya keke har ina sakin hannu ɗaya in gaida Anneke. Abu ɗaya ne kawai ke cina, duk lokacin da na kira gida aka yi kiran salla a bayan muryar Inna, ba muryar Baba ba ce.

Da hutu ya zo na taho gida. Daga filin jirgi, da muka wuce Dutsen Zuma, na ga gidaje sun ƙara cinye gonaki, direban ya ce ai sai na ga Maje da ke gefen Suleja, ba zan gane ta ba. Baba ya rame a fuska, cikin kuma ya fito. Ya yi murna da ni, amma da na ɗauko maganar ya ɗaga hannu. Sai na bi ta wajen Liman. Na je har gida na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Allah ya gafarta Malam, alfarma nake nema. A zo zauren Baba bayan azahar, da Alhaji Tanko da duk wanda ya ga hoton farko. Idan ban gamsar ba, ba zan sake buɗe baki ba." Ya daɗe yana jan carbi, ya ce za su zo.

Suka zo, zauren ya cika. Baba ya zauna a kusurwa don ba yadda zai yi, baƙi sun shigo gidansa. Na zauna daga bakin ƙofar cikin gida, na ɗora kwamfuta a kan kujera 'yar tsugunno, na kunna. Da kwalbar ta bayyana Alhaji Tanko ya nuna da yatsa.

"Yauwa! Ga ta nan. Ni fa ban ƙara komai ba, abin da na karanta na faɗa. It is written there."

Na ce, "Gaskiya ne, Alhaji, barasa ce. Irin wadda ake goga wa mutum a kemis kafin allura. Ku dai ci gaba da kallo."

Suka kalli hannuna yana taɓa ta dama yana taɓa ta hagu, rana bayan rana. Suka ga ta hagu ta yi ja, ta dama tana nan fes. Liman ya gyara zama.

"Tsaya, 'yata. Duka biyun da hannun nan mai feshi kika taɓa su?"

"Duka biyun, Malam."

"Wurin kwanansu ɗaya?"

"Ɗaya."

"To me ya raba su?"

"Sukari da mai, Malam. Shi ke nan."

Ya juya ya dubi Alhaji Tanko. "Alhaji, da feshin ne, ai da duka biyun sun yi. Ko akwai abin da ban gani ba?"

Alhaji Tanko ya cire hula ya sosa kai. Ya ce, "Wato sukari kawai? Ordinary sugar?" Wani daga baya ya ce, "Kai da kake shan lemo uku a zama ɗaya, sai ka je a duba ka." Aka yi dariya, shi bai yi ba, hannunsa yana kan tumbinsa. Can ya matsa gaban Baba, ya ce, "Malam, bakina ne ya jawo. Ka yafe mini." Baba ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, bai ƙara ba.

Na ce musu ba ni ce likita ba, kuma abin da ke cikin roba ba mutum ba ne, hanya kawai yake nunawa. Wanda aka ce hantarsa ta yi kitse, wajen likita zai koma. Suka watse suna ta gardama a kan cokali nawa ya kamata a sa a shayi.

Aka bar ni da Baba. Ya ce in mayar masa da wurin da jan ya fara raguwa. Na mayar. Ya matso da fuskarsa dab da allon, ya kalla, ya ce in sake. Sannan ya jingina da bango.

"Uwata, ashe da halal na cuce ta."

"Ba ka sani ba ne, Baba."

"Kuma tana iya komawa?"

"Tana iya sauƙi sosai, in an kama da wuri. Amma sai an je an duba."

Ya ce, "Gobe ki raka ni. Ke za ki yi mini tafinta." Na ce to, don abin da na tsallaka teku nema ke nan.

Na shiga ciki na tarar da Inna tana tsince shinkafa a faifai, ta kasa kunne tun ɗazu tana yi kamar ba ta ji ba. Ina ba ta labari muka ji ƙarar buta a zaure, sannan ƙofar waje ta buɗe ta rufe. Jim kaɗan lasifikar masallaci ta yi ƙara, aka hura ta sau biyu, aka yi gyaran murya. Hannun Inna ya tsaya cak a cikin shinkafar.

Baba ya ɗauko kabbarar farko da ƙarfi, a ta biyu muryar ta karye, ya tsaya ya yi tari, ya sake ɗaukowa.

Inna ta goge ido da bakin zani, ta ce, "Ji muryar duk ta yi tsatsa." Ta ajiye faifan, ta ce in miƙo mata buta.